Tikitin Jirgin Ƙasa da Sharuɗɗansa

Jama'a, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, maganar da na kawo muku yau ta tikitin jirgin ƙasa ce, watau 'yar takardar nan da a kan ba mutum in ya biya kuɗin tafiya. Da yawa a cikinku kun daɗe kuna karɓarta, ku cusa a aljihu, ba ku san abin da ta ƙunsa ba. Yanzu kuwa da ku ka iya karatu, ya kamata ku sani alkawari ne tsakaninku da Reluwe, kowane rangwame da ke ciki kuma yana da sharaɗinsa.

Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, ta biyo ta Madobi da Challawa, nan kusa da ku. A zamanin nan tikiti ɗan kwali ne wanda ba sunan kowa a kai, duk wanda ya riƙe shi nasa ne. Yau al'amari ya sake, abu uku kuwa na ke so ku fahimta.

Na fari shi ne dalilin da ya sa kuɗin tafiya ɗaya kan bambanta bisa ga lokaci. Ba wanda ya fi ku sanin wannan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai har gonakinku, kuna noman tumatir da rani. In ya nuna gaba ɗaya, kwanduna sun cika bakin hanya, ai kun san yadda kuɗinsa ke faɗuwa, gama tumatir ba ya jiran gobe. To, kujerar jirgi ma haka ta ke. In jirgi ya tashi da kujera ba kowa, kuɗinta ya ruɓe ke nan, ba a ajiye ta a sayar wata rana. Da sassafe da maraice ma'aikata kan yi cunkoso, da hantsi kuwa taragu su tafi wayam. Saboda haka sai masu jirgi su rage kuɗi a sa'o'in da ba cunkoso, don su jawo wanda ba ya sauri. A Ingila, a hanyoyi da yawa, tikiti mai araha ba ya aiki sai bayan kamar ƙarfe 9 da rabi na safe a ranakun aiki. A Ikko ma, cikin Agusta 2024, gwamnatin jihar ta ba da sanarwar rage kashi 25 cikin 100 a jirgin cikin gari ga mai tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma. Amma wanda ya sayi tikitin hantsi ya shiga jirgin asuba ya karya sharaɗi, sai ya yi ciko, ko a ci shi tara.

Na biyu shi ne tikitin dogon wa'adi, na mako, ko na wata, ko na shekara. Mutum ya biya gaba ɗaya, ya yi ta zirga-zirga tsakanin tasha biyu har wa'adi ya cika. A Ingila kuɗin na shekara daidai ya ke da kuɗin na mako sau 40, ga shi kuwa shekara mako 52 ce. Misali, in na mako naira 10,000 ne, na shekara zai kama 400,000 maimakon 520,000, an yafe maka mako 12 ke nan. Masu jirgi sun yarda da haka domin kuɗi a hannu ya fi alkawari, kamar yadda ku kan sassauta wa ɗan kasuwar da ya biya kuɗin shinkafa tun ba a yanke ta ba. Sai dai ku yi lissafi tukuna. Akawu mai zuwa ofis kullum shi ke cin riba. Manomin da ke fita sau uku a shekara, in ya saya don ya ji an ce da araha, ya yi hasara.

Na uku shi ne hoto da shaida. Tun da ya ke rangwamen na mutum ɗaya ne, a Ingila a kan haɗa irin wannan tikiti da kati mai hoton mai shi, kada mutum biyar su riƙa karɓa-karɓa da tikiti guda. A ƙasarmu wani dalili ne ya kawo shaida. Jirgin Kaduna zuwa Abuja, mai tafiyar kilomita 186, ya fara aiki cikin Yuli 2016, shi ne kuwa wanda waɗansunku kan shiga a tashar Rigasa in fatauci ya kai su Abuja. Da mutane suka yi yawa sai 'yan baranda suka shiga saye tikiti suna sayarwa da tsada, har a Janairu 2021 aka fara sayar da shi ta intanet don a karya su. Sa'an nan ran 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tare jirgin, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60 daji. Jirgi ya tsaya cik, bai koma aiki ba sai ran 5 ga Disamba na shekarar. Da za a komo aka kafa doka, ba a sayar wa kowa tikiti sai ya ba da lambarsa ta ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN, mai alƙaluma 11, don a san ko wane ne ya zauna a kowace kujera.

Ku dubi abin da wannan ke nufi. Tikitin da ka saya a hannun ɗan baranda yana iya zama da sunan wani. In an duba aka ga sunan bai dace da katinka ba, ana iya hana ka shiga, kuɗinka ya tafi, ɗan baranda kuwa ya ɓace. Abin da ya fi wannan muni, in wani hatsari ya auku a hanya, Allah ya kiyaye, sunanka ba ya cikin littafi, iyalinka su yi ta nema ba wanda zai ce ka shiga.

Don haka, kafin ka bar gida, ka ɗauki katinka mai hoto. Ka sayi tikiti a tagar Reluwe, ko ta hanyar da ita kanta ta sanar. In ya shiga hannunka kada ka gusa sai ka karanta abu biyar: sunanka, da ranar tafiya, da sa'ar tashi, da tashar da za ka sauka, da lambar kujera. In ka ji ana shelar rangwame, ka tambayi ranar da ya fara da ranar da zai ƙare, da jirgin da ya shafa. Kada ka ji kunyar akawu, matambayi ba ya ɓata. In kuma ka ga maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba tsaye da tasa takardar yana jujjuya ta, ka karɓa ka karanta masa.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku gida lafiya.