Jawabin Buɗe Ɗakin Gwaje-gwajen Kimiyya

 

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nufe mu da ganin wannan rana, ina roƙon ku dubi teburin da ke gabana, inda aka rataye sifirin guda biyu iri ɗaya, kowanne ɗauke da ƙarfe mai nauyin giram 200. Tun cikin shekarar 1678 wani masani na ƙasar Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa gwargwadon jan da aka yi wa sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai yi na komawa mazauninsa. Daga wannan ƙa'ida aka fahimci cewa muddar kai-komon ƙarfen tana rataye ne ga nauyinsa da taurin sifirin kaɗai, ko an ja shi da nisa ko kaɗan, matuƙar ba a ja shi har ya saki ba. Amma ga shi kuna gani, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, alhali babu abin da ya raba su illa halin da kowanne yake ciki sa'ad da aka danna agogo. Wannan hali shi ake aunawa da kusurwar mafari, nemanta kuwa shi ne darasin farko da za a yi a nan.

Wanda aka ja har iyaka aka sake shi ba tare da turi ba, mas'alarsa mai sauƙi ce, kusurwarsa sifili ce. Inda ɗalibai ke zamewa, kuma na sha gani a takardun jarrabawa, shi ne idan an tarar da ƙarfen a rabin tazararsa daga tsakiya: hisabi zai ba da digiri 60, domin kosin ɗinta rabi ne, amma 60 ta ɓangaren ragi ita ma kosin ɗinta rabi ne, na'urar lissafi kuwa ɗaya take faɗa, ta yi shiru a kan ɗayar. Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda, haka nan wurin da ƙarfen yake bai isa hujja ba sai an tambayi inda ya dosa: in tsakiya yake komawa, 60 ce, in nisa yake ƙarawa, ta ragi ce. A ganina, yaron da ya haddace wannan daga allo, bai taɓa sakin sifirin da yatsunsa ba, karatunsa da saura, kuma dalilin gina ɗakin nan ke nan.

Ranka ya daɗe Hakimi, muna roƙon ka taso ka buɗe mana shi da sunan Allah.