Buɗaɗɗiyar Manhaja da Kuɗin Baitulmali



Batun da zan yi magana a kansa shi ne manhajar kwamfuta, da yadda ya kamata gwamnati ta kashe kuɗin jama'a a kanta. Manhaja iri biyu ce. Akwai rufaffiya, wadda kamfani ke ɓoye asalin rubutunta, ya sayar maka da lasin amfani kawai. Akwai kuma buɗaɗɗiya, watau wadda kowa ke da izinin ya karanta rubutunta, ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Richard Stallman ne ya soma wannan kira a Amurka a 1983, sa'an nan Linus Torvalds na ƙasar Finlan ya fito da Linux a 1991.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Bakatsine. Tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, almajiri kan ari littafin malaminsa, ya kwafe shi da hannu, ya ƙara sharhi a gefe, wani kuma ya kwafa daga gare shi. Da haka ilmi ya yaɗu a ƙasar Hausa.

To, abin da da yawa ba su sani ba shi ne, mun riga mun dogara da irin wannan manhaja. Alƙaluman da asibitoci ke haɗawa kowane wata a ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, cikin wata manhaja ake zuba su mai suna DHIS2, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗauka don ƙasa baki ɗaya. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke kula da ita, da tallafin gwamnatin ƙasar da na ƙungiyoyin agaji. Haka kuma bayan cutar Ebola ta 2014, masanan Nijeriya da na Jamus suka ƙirƙiro SORMAS don bin sawun annoba, ta kuma yi aiki ƙwarai lokacin korona a 2020. Dukansu buɗaɗɗu ne. Sai dai mafi yawan kuɗin rainonsu daga waje yake zuwa, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Dalilai uku suka sa nake ganin ya wajaba gwamnati ta shigo da ƙarfinta. Na farko, kuɗi. Galibin lasin da dala ake biyansa, kuma kowace shekara. Dalar da hukuma ke sayarwa kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura naira 1,400 a farkon 2024, ashe ke nan ma'aikatar da ba ta ƙara ko kwamfuta guda ba, nauyinta ya ninka uku. Na biyu, mallaka. Idan bayanan albashi da na filaye da na haraji suna cikin tsarin da kamfani ɗaya kaɗai ya san sirrinsa, ranar da aka ɓata da shi, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Na uku, harshe da sana'a. Buɗaɗɗiyar manhaja ɗalibinmu na iya mai da ita Hausa ba tare da neman izini ba, kuɗin gyaranta kuma ya tsaya a aljihun 'ya'yanmu.

Amma kada a ɗauka abin na banza ne. A 2007 an yi odar kwamfutoci 17,000 masu ɗauke da Mandriva Linux don makarantun Nijeriya, sai labari ya fito cewa za a sauke ta a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. Inda babu tsayayyiyar manufa, haka ake yi. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya kwamfutoci kusan 15,000, sai a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows, saboda ƙorafin ma'aikata da sauyin siyasa. A Disambar 2021 kuma aka gano wata kafa a Log4j, 'yar ƙaramar manhaja da 'yan sa kai ke kula da ita, hankalin bankuna da gwamnatocin duniya ya tashi. Shekara guda bayan haka Jamus ta buɗe asusu na musamman don biyan masu irin wannan aiki. Bilhasali, abin da aka tsimi daga lasin, dole a mai da wani kaso nasa ga horo da gyara.

Saboda haka shawarwarina huɗu ne. Duk manhajar da aka rubuta da kuɗin baitulmali, a sa cikin yarjejeniyar kwangila cewa rubutunta mallakar jama'a ne, domin abin da Katsina ta biya Jigawa ta ɗauka kyauta. A ajiye takardun hukuma cikin tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa. A ware kaso tabbatacce cikin kasafi don horar da ma'aikata, a kuma bi sannu, ofis bayan ofis. A ƙarshe, a ba Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Alƙalam aikin kula da waɗannan manhajoji, hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, ta daidaita ƙa'idoji tsakanin jihohi.

Jama'a, rijiyar unguwa kowa ke sha, amma in ba a yashe ta ba sai ta ƙafe, kuma yasar rijiyar jama'a aikin hukuma ne. Allah ya sa mu dace.