Ambaliyar Maiduguri da Darasin Madatsar Alau

A ranar 10 ga Satumba, 2024, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa bayan ɓallewar madatsar Alau. Ruwa ya shanye unguwannin Gwange da Fori, ya kutsa babbar kasuwa da fadar Shehun Borno, har asibitin koyarwa bai tsira ba. Iyaye suka saɓa yara a kafaɗa, ruwa iya ƙirji. 'Yan kasuwa suka tarar da buhunan hatsi sun ruɓe. Dubban iyalai suka koma sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi neman mafaka.

Wannan madatsa ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994. Don haka muna kira ga hukumomi su gyara ta tsakani da Allah, su riƙa gargaɗin jama'a da wuri. Mu kuma mu daina zuba shara a magudanan ruwa.