Hakimin da Ya Ba Masu Gudun Tsanani Fili

Yau za mu duba rayuwar Nikolaus Ludwig von Zinzendorf, wanda aka haifa a birnin Dresden na Jamus a 1700. Sarautarsa Graf ce, kusan hakimi ke nan a wurinmu.

Asalin gidansu Ostiriya ne. Da aka matsa wa masu bin koyarwar Luther, kakansa ya bar ƙasar gadonsa ya yi ƙaura. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, kakarsa ce ta rene shi. Ya yi makaranta a Halle, ya karanta shari'a a Wittenberg.

A 1722 wani kafinta, Christian David, ya roƙe shi wurin zama domin masu bi daga Morabiya da ake tsananta wa. Ya ba su fili a ƙasarsa, suka gina ƙauyen Herrnhut. To, mu da muke 'yan kaɗan a inda muke, mu lura da abin da ya biyo baya. Da suka sami sakewa, sai suka juya wa juna da gardamar koyarwa, har wasu suka daina zuwa sujada. Zinzendorf bai kore su ba, ko da yake yana da iko. Ya bi su gida gida, ya rubuta musu ƙa'idodin zaman tare, suka amince. Ran 13 ga Agusta 1727, wurin Jibin Ubangiji a Berthelsdorf, suka sulhunta da hawaye. Suka fara addu'a ta karɓa-karɓa dare da rana, wadda ta haura shekara 100.

A 1732 suka aiki mutum 2 zuwa ga bayi a tsibirin St. Thomas. Amma kada mu ɓoye, daga baya mishan ɗin ya mallaki bayi a can, shi kansa ya umarci bayin su yi biyayya ga iyayengijinsu. Wannan aibi ne babba.

Hukuma ta kore shi daga Saksoni a 1736, sai 1747 aka bar shi ya dawo. Cikin 'ya'ya 12 da matarsa Erdmuthe ta haifa, mata 3 kaɗai suke raye sa'ad da ya rasu a 1760. Namiji na ƙarshe a gidan, Karl, ɗan ɗan'uwansa, ya koma Ostiriya, ya shiga Katolika, ya riƙe manyan muƙamai, ya rasu a Biyenna a 1813 bai bar magaji ba.