Ciyawar Gaɓa da Gudun Ruwa: Darasi Daga Kogin Haɗeja



Maganar da zan yi yau a kan ciyawa ce, watau wadda ke tsirowa a gaɓar kogi da bakin hanyoyin ban-ruwa. Mai gyaran hanyar ruwa yana ganinta abokiyar gaba, mai gona a bakin rafi kuwa yana ganinta garkuwa. Kowannensu yana da rabin gaskiya.

Tun a 1889 wani injiniya na ƙasar Ailan, Robert Manning, ya tsara lissafin da ake aiki da shi har yau. Abin da lissafin ya nuna shi ne, gudun ruwa ya dogara ga abubuwa uku: zurfinsa, da gangaren ƙasa, da kaushin abin da yake gogawa. Idan kaushi ya ninka, zurfi da gangare suna nan yadda suke, gudu zai ragu da rabi. Ciyawa kaushi ce. Tana karya ƙarfin ruwa a gefe, saiwoyinta kuma suna ɗaure ƙasa, gaɓa ta tsira daga zaizaya.

To, amma ruwan da aka tare a gefe bai ɓace ba. Tsakiya yake komawa, inda babu abin da zai riƙe shi, ya ƙara gudu. In gudu ya ninka, ƙarfin da ruwa ke kankare ƙasa da shi yakan kai kamar ninki huɗu. Ta haka ciyawar da ta ceci gaɓa takan sa a haƙe gindin kogi, laka kuma ta kwanta a gefe, hanya ta ƙara ƙuntata.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, Kogin Haɗeja yakan janye da rani, rana ta ƙone abin da ya tsiro a cikinsa. Bayan Tiga, da madatsar Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana rani da damina. Nan kachalla ta samu wurin zama. Ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, ita kuma ta bi lakar ta ƙara yaɗuwa, har rassan kogi irin su Burum Gana suka toshe. Ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru, ya cinye gonaki a can, wasu garuruwa kuwa suka rasa na ban-ruwa da na su.

Saboda haka, tambayar da ta kamata mu yi ita ce: wace ciyawa, kuma a ina? A bar irin su jema a kan gaɓa, gama saiwoyinta suna nutsawa ƙasa ƙwarai. A share tsakiyar hanya a kai a kai, a kuma tsara sakin ruwan madatsu yadda kogi zai riƙa samun lokacin bushewa. Wanda ya nome gaɓa ƙarƙaf, gonarsa ce za ta bi ruwa. Wanda ya bar tsakiya ta cushe, maƙwabcinsa ne zai kwana cikin ambaliya.