Dokin Zamani: Lada, Sutura ko Zunubi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da ƙauyukan da muryarmu ke kaiwa, barkanku da shan ruwa. Goma ta marmari ta wuce, goma ta wuya ta wuce, ga mu cikin goma ta ɗokin salla. A waɗannan darare, in mun fito daga asham muka ratsa ta gaban fadojin samari, ga shayi bisa garwashi, hirar da ta fi zuwa kunnenmu ita ce ta mota. Wannan ya ce wane ya yo odar V8 daga Dubai, wancan ya ce ai Lexus ta fi ta taushi, wani ya ce tun da Range Rover ta shigo gari magana ta ƙare. Yaron da bai iya kawo farillan alwala a jere ba zai lissafa maka kuɗin jirgin ruwa da kuɗin duwan bai yi tuntuɓe ba. Kuma wani bawan Allah ya aiko mana da tambaya, yana cewa Allah Ya yalwata masa, yana son ya sayi motar alfarma, shin akwai laifi a shari'a? A kan wannan za mu yi magana yau, da yardar Allah.

Amsar farko ita ce babu laifi ga asalin abin. A Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya bayyana cewa Ya halicce su domin hawa kuma domin ado, sannan Ya sanar da cewa Yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun ce mota da jirgi suna cikin wannan. Ku lura, an ambaci ado tare da hawa. Ya kuma zo a hadisi cewa abin hawa mai daɗi yana cikin abubuwan jin daɗin mutum a duniya. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani sahabi ya tambaye shi game da mutumin da ke son tufafinsa da takalmansa su yi kyau. Sai ya nuna masa cewa Allah Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Limaminmu Malik, Allah Ya yi masa rahama, an san shi da sa tufafi masu kyau, an kuma ruwaito cewa akwai dawaki na gani na faɗa a ƙofar gidansa. Amma ba ya hawa a cikin Madina, don jin kunyar ya sa kofaton dabba ya taka ƙasar da Manzon Allah ke kwance a cikinta. Ya mallaki dawakin, zuciyarsa kuwa tana wani wuri.

Mu ma nan mun san ƙasarmu. Wanda ke bin rairayin Tanut da Agadas, ko hanyoyin ƙauye da damina, in ya sayi mota mai ƙarfi da ke ja da ƙafa huɗu, ba wanda zai kira shi mai almubazzaranci. Saboda haka kada wani ya tashi daga wannan majalisi ya ce Malam ya haramta V8.

To, ina hatsarin yake? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya kasa masu dawaki kashi uku. Akwai wanda dokinsa lada ne gare shi, shi ne wanda ya ɗaure shi domin ɗaukaka addinin Allah. Akwai wanda dokinsa sutura ne gare shi, shi ne wanda ya riƙe shi don ya wadatu daga roƙon mutane, bai kuma manta haƙƙin Allah a kansa ba. Akwai wanda dokinsa zunubi ne gare shi, shi ne wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya da gaba da Musulmi. Dawakin duka iri ɗaya ne, ingarman da muke gani a hawan salla a ƙofar Sarkin Damagaram. Niyyar mai shi da yadda ya samo shi da yadda yake hawansa su suka raba hukuncin. Mota ita ce dokin wannan zamani. Kowane mai mota ya tambayi kansa a daren nan: cikin ukun nan, wacce ce tawa? Za ka gane amsar ta ƙofofi huɗu.

Ƙofa ta farko ita ce kuɗin. Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafar bawa ba za ta gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi dukiyarsa, ina ya samo ta, ina kuma ya kashe ta. Yuro ɗaya ya kai kusan sefa 656. Ke nan motar da ake sayarwa yuro 100.000 a Turai ta haura sefa miliyan 65, tun ba a yi maganar jirgi da duwan ba. In daga halalinka ne, Allah Ya sanya albarka. In kuwa bashin banki ne mai ruwa, ka karanta ƙarshen Suratul Baƙara ka ga yaƙin da Allah da ManzonSa suka shelanta a kan masu riba. In kuɗin gina aji ne ko na maganin asibiti da aka ba ka amana, ka sani kana zaune bisa haƙƙin dubban mutane, kuma sanyin cikin motar ba zai bi ka kabari ba.

Shekarun baya, dab da salla irin wannan, an kawo mana ƙarar wani ɗan kasuwa a zaurenmu. Ya karɓi wake da gyaɗa bashi daga hannun manoma, ya sayar, maimakon ya biya su sai ya aika aka sayo masa mota don ya fita idi da ita. Cikin masu binsa akwai dattijon da ya taho daga ƙauye a kan amalanke, matarsa na kwance ba lafiya. Muka ce masa, Alhaji, motar nan ta mutanen nan ce, kai direbansu ne kawai. Allah Ya taimake shi ya ji, ya sayar da ita da hasara ya sallame su. Ku tuna, an kawo wa Manzon Allah gawar wani mai bashi, bai yi mata salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ya kuma inganta cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

Ƙofa ta biyu ita ce hanyar da motar ta biyo. Ƙasarmu ba ta da teku. Shekaru da yawa motocinmu daga Beljiyam da Faransa da Amurka da Dubai suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su biyo ta Paraku da Malanbil, su haye gadar Gaya, su nufi Doso, daga nan wasu su yi Yamai, wasu su yi Ƙwanni da Maraɗi, wasu ma su zarce Najeriya. Da aka rufe gadar a 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙaru. A wannan doguwar tafiya hannuwa da yawa ke taɓa mota, kuma kowane hannu yana da hisabinsa. Akwai motocin da aka sato a ƙasashen Turawa aka sauya musu lamba da takardu. Kada ka ce ai dukiyar wanda ba Musulmi ba ce, sata sata ce, kuma wanda ya sayi kayan sata yana sane ya yi tarayya da ɓarawo. A fiƙihunmu, in mai abu ya zo da hujja yana da ikon karɓar abinsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. Akwai motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye su, a gyara jiki, a fesa fenti, a ce sabuwa ce fil. Akwai masu mai da agogon da ke ƙirga tafiyar mota baya. Ya kai dillali, Manzon Allah ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Aibin da ka sani a inji, wajibi ne ka faɗa, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano. Haka nan cin hanci don a rage kuɗin duwan, an la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

Ƙofa ta uku ita ce zakka. Motar da kake hawa don buƙatarka ba zakka a kanta komai tsadarta, kamar yadda ba zakka a kan dokin hawa. Amma wanda ya mai da kuɗinsa mota dab da cikar shekara don ya guje wa zakka, a mazhabar Malik dabararsa ba ta sauke masa wajibi ba. Mai sayar da motoci kuwa, motocinsa hajar kasuwanci ne. In mai jujjuyawa ne, yana saye yana sayarwa ko yaushe, sai ya ƙiyasta ƙimarsu duk shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa ya fitar da ɗaya cikin 40. Wanda hajarsa ta kai miliyan 40, miliyan ɗaya haƙƙin talakawa ne. In kuwa mai ajiyewa ne yana jiran kasuwa ta tashi, sai ranar da ya sayar zai fitar da ta shekara ɗaya. Nisabi dinari 20 ne, wajen giram 85 na zinariya. Wanda ke cika tankin da ke shan fiye da lita 90 ba tare da ya ji a jikinsa ba, kada hannunsa ya yi rawa ranar fitar da zakka.

Ƙofa ta huɗu ita ce yadda kake hawanta. A Suratul Isra'i Allah Ya hana tafiyar taƙama a bayan ƙasa. Muna ganin gudun da ake yi dab da faɗuwar rana don a riski buɗa-baki, a tsakiyar ƴan talla da almajirai da masu kabu-kabu. Muna ganin yaro ɗan shekara 15 an miƙa masa makulli ranar salla yana wasa da mota a cikin unguwa. Wanda ya kashe rai bisa kuskure, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, diyyar raƙuma 100 ce ko dinari 1000, kaffarar kuwa a yau azumin wata biyu ne a jere. Mu da kwana 30 ke ba mu wuya, mu auna. Kuma ka dubi zuciyarka in ka ɗaga baƙin gilashi ka wuce maƙwabcinka yana tafe a ƙasa cikin rana, ka bar shi da ƙura ba ko sallama. Wannan shi ne raina mutane da hadisin can ya ambata.

Yanzu gare ku, ƴaƴanmu na fada, waɗanda ba ku da ko keke amma kuna kwana da lissafin motar wani. Suratul Ƙasas ta ba mu labarin Ƙaruna, ranar da ya fito wa mutanensa cikin adonsa. Masu son duniya suka yi burin ina ma su ne, masu ilimi suka tsawata musu. Da ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, masu burin jiya su suka wayi gari suna gode wa Allah da bai ba su irin nasa ba. Ba ku san bashin da ke bisa wuyan mai motar ba, ba ku san ko yana barci ba. Manzon Allah ya umarce mu da duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya, don kada mu raina ni'imar da muke ciki. Samari nawa suka bar iyaye suka nufi Libiya ko ramukan zinariyar Jado da burin su komo da mota, har yau ba labarinsu? Ku nemi halal da ƙarfinku, ku koyi sana'a, in da rabo za ta zo. Kuma kada ku yi wa mai ita hassada ko mugun zato ba da hujja ba.

Kai kuma da Allah Ya ba ka, ga yadda za ka mai da ita lada. Muslim ya ruwaito cewa a wata tafiya Manzon Allah ya umarci mai rarar abin hawa ya taimaka wa wanda ba shi da shi, ya kuma zo cewa ɗora mutum ko kayansa bisa abin hawanka sadaka ne. In mace na naƙuda a unguwa da tsakar dare, a san ƙofarka za a buga. In tsoho zai je asibiti, ko an yi rasuwa za a je gaisuwa ƙauye, motarka ta zama ta farko. Kada ka ji ƙyashin ƙurar ƙafar talaka ta taɓa kujerarka. Ka biya direbanka da mai wanke maka ita haƙƙinsu kafin salla.

Addu'ar hawa da muke koya wa yara daga Suratuz Zukhrufi ta fara da tsarkake Allah da Ya hore mana abin hawa, ta ƙare da tuna cewa ga Ubangijinmu za mu koma. Malamanmu sun ce an haɗa biyun ne don kowane hawa ya tuna mana hawan ƙarshe. Makarar masallacinmu guda ce, ta ɗauki attajirai ta ɗauki almajirai, kuma motocin masu rakiya a bakin maƙabarta suke tsayawa.

Ya Allah Ka wadata mu da halalinKa daga haraminKa. Ka sa abin hawanmu ya zama lada da sutura gare mu. Ka biya wa masu bashi bashinsu, Ka kiyaye matafiyanmu, Ka shiryi ƴaƴanmu, Ka ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Nijar da sauran ƙasashen Musulmi. Ka sa mu dace da daren Lailatul Ƙadari, Ka sa mu cikin ƴantattun wannan wata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya gafarta mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.