Amanar Ruwan Sha: Abin da ke Kanmu Bayan An Haƙa Rijiya

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu ba da gudummawa da kwamitocin masallatai

  

A cikin waƙafin da jama'a ke kawo mana, babu wanda ya kai ruwa farin jini, kuma hakan yana da asali. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina, ya mallaka ta ga jama'a. Sa'adu ɗan Ubada kuma, da mahaifiyarsa ta rasu, an nuna masa cewa shayar da ruwa ita ce sadakar da ta fi. Shi ya sa duk wanda ya yi niyyar yi wa iyayensa sadaka mai gudana, rijiyar burtsatse ce ke fara zuwa masa a rai. To, yau muna so mu yi magana a kan abin da ke biyo bayan ranar buɗe rijiya, wato ingancin ruwan da ke fitowa daga cikinta.

A fiƙihunmu na Malikiyya, ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canja ba. Wannan hukunci ne na alwala da wanka. Amma ruwa yana iya zama garau, alwala ta inganta da shi, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro a asibiti. Ido ba ya ganin ƙwayar cutar kwalara ko ta taifot, harshe ba ya jin gubar dalma. Saboda haka limami na iya cewa ruwa mai tsarki ne, amma ɗakin gwaje-gwaje ne zai ce ana iya shan sa.

Muna da darasi a maƙwabta. A garin Tibiri, kusa da Maradi a Jamhuriyar Nijar, an haɗa gari da ruwan wata rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980. Jama'a suka yi ta sha shekara da shekaru, sai yara suka riƙa tasowa da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe. Daga baya aka gano cewa sinadarin fuloraid da ke cikin ruwan ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, wato miligiram 1.5 a kowace lita, fiye da sau uku. Babu wanda ya zuba komai a rijiyar. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa sinadarin ya fito. A nan gida kuma, a shekarar 2021, sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Hukuma ba ta bar al'amarin kara zube ba. Tun 2007 Nijeriya take da ma'aunin ingancin ruwan sha a ƙarƙashin hukumar SON, an kuma sabunta shi a 2015. Ma'aunin ya ce kada a sami ƙwayar cutar da ke nuna an gauraya da bayan gida ko guda ɗaya a cikin mililita 100, kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita, kada sinadarin naitiret, wanda taki da masai ke jawowa, ya wuce miligiram 50. Wanda ya fara ƙulla ruwa a leda yana sayarwa kuwa, sai da rajistar NAFDAC. Rijiyar da ke shayar da unguwa guda tana cikin wannan hukunci, ko ta gwamnati ce ko ta masallaci. Bin wannan doka ya dace da ƙa'idar shari'a ta gusar da cuta.

Ga abin da muke roƙon kowane kwamiti. Kada a buɗe sabuwar rijiya sai an kai ruwanta gwaji, takardar sakamako ta zo hannu. Hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha za ta nuna inda ake yi. Bayan haka a maimaita gwajin sau biyu a shekara, da damina da kuma rani, domin damina ce ke tura ƙazantar masai cikin ƙasa. A bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko ramin bayi, kada kuma ta kasance a gangaren su. A wanke tankin sama a kan lokaci, a tabbata murfinsa a rufe yake. A bi bututu a ɗauke duk wanda ya ratsa ta cikin kwata, domin idan ruwa ya ɗauke, bututun da ya tsage kan zuƙo ƙazanta ciki. A yi wa 'yan garuwa magana a kan wanke jarkoki. A ajiye littafi na rubuta ranar gwaji da ranar wanki, a liƙa sakamakon a ƙofar masallaci. Idan kuwa gwaji ya nuna matsala, a rufe famfon nan take, a sanar bayan salla, har sai an gyara an sake gwadawa.

Sai maganar kuɗi. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ƙayyade, kuma mafi yawan malamai ba su ga a karkatar da ita ga irin wannan aiki ba. Waƙafi ne gurbinsa, kuma malaman fiƙihu sun ce kula da abin da aka yi waƙafinsa shi ake fara fitarwa daga abin da yake samarwa. Don haka muke roƙon duk mai niyyar haƙa rijiya ya haɗa da wani abin da zai riƙa ciyar da ita, ko shago ko gona ko wani kaso na kuɗi. Wanda ba shi da ƙarfin haƙa sabuwa, ya ɗauki nauyin gwajin tsohuwa. Ladan shayarwa ne shi ma, in Allah ya yarda.

Kwamitin da aka damƙa wa rijiya shi ne mai kula da waƙafi, kuma za a tambaye shi a kan duk wanda ya sha. Allah ya karɓa daga waɗanda suka bayar, ya jiƙan waɗanda aka yi sadakar dominsu, ya ba mu ikon riƙe amana.